A TSAKAR GIDA AKE GINA JIKIN YARO: DARASI DAGA MUSIBAR DALMA A ZAMFARA



Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW) da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, idan aka ce tarbiyyar yara, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne karatu da ladabi: yaro ya iya gaisuwa, ya iya alwala, ya haddace gajerun surori. Duk wannan daidai ne. Amma akwai ɓangaren da ba mu cika taɓawa ba a majalisun karatu, wato jikin yaron kansa: ƙashinsa, jininsa, ƙwaƙwalwarsa, da ƙafar da zai taka zuwa makarantar. Shi ma amana ne a wuyanmu.

Abin da nake son mu riƙe a darasin yau ɗaya ne. Likita da ma'aikacin lafiya da malamin makaranta mataimaka ne, amma a tsakar gida ake gina jikin yaro, kuma duk shirin da bai shigo da uba da uwa ciki ba, ba ya kai labari. Mu mutanen Zamfara da tsada muka sayi wannan ilimi, don haka da abin da ya same mu zan fara.

ABIN DA YA FARU A ANKA DA BUKKUYUM

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka samu labarin cewa ƙananan yara na mutuwa da yawa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, sai jijjiga, sai ya shiɗe, sai rasuwa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba. Da aka ɗebi jinin yaran aka auna, sai aka tarar gubar dalma ce ta cika shi.

Daga ina dalmar ta fito? Daga dutsen zinare. A shekarun nan zinare ya yi tsada, mutanen ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke da Bagega suka duƙufa haƙarsa. Dutsen da suke haƙowa cike yake da dalma. Sai a kawo shi cikin gari, a farfasa, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, wani a daka shi a turmin gida, a shanya a tsakar gida. Ƙurarsa ta bi ƙasa, ta bi kwanon abinci, ta bi tabarma. Babba yana tsaye, amma yaro a ƙasa yake rarrafe, kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki yake kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa.

Masana daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun bi gida-gida a ƙauyuka biyu da abin ya fi tsanani. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Gaba ɗaya an rasa yara sama da 400. Cikin waɗanda suka rayu akwai waɗanda gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa ko gani ko gaɓoɓi, kuma irin wannan lahani ba ya komawa baya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya sa masu ceto ne ga iyayensu.

Ku lura, iyayen nan ba mugaye ba ne. Abinci suke nema wa waɗannan yaran. Rashin sani ne ya mayar da tsakar gidansu wurin halaka.

To ga inda darasin yake. Akwai magani na ƙwaya da ke kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari, kuma likitoci sun zo da shi. Amma sun ce ba shi da amfani idan yaro zai koma rarrafe a kan ƙasar da ta sa masa ciwon. Kamar mai kwarfe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo. Sai aka jera aikin kashi uku: a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a kankare saman ƙasar kowane gida a zubar can nesa a zuba sabuwa, sannan a ba yaro magani.

Duba da kyau, cikin ukun nan wanne ne zai yiwu ba da yardar mai gida ba? Babu. Shi zai yarda ya daina kawo dutse gida ko da hakan zai ƙara masa wahala. Shi zai buɗe ƙofa ma'aikata su shiga har ɗakunan matansa. Uwa ce za ta zauna jinya, ita za ta riƙa ba da ƙwayar a kan lokaci, ita za ta mayar da yaro awon jini. Sai da aka zauna da hakimai da masu unguwanni da magidanta kafin aikin ya tafi.

An gyara ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011. Bagega kuwa sai da ta jira har 2013, saboda ba a saki kuɗin gyaran ƙasarta ba. Likitoci a shirye, magani a hannu, amma ba halin farawa. Sai da matasa suka yi ta kururuwa a irin waɗannan shafuka da muke kai, sannan gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin a farkon 2013. Kuma ko bayan gyara, gidajen da aka koma shigar da dutse sun sake gurɓacewa. Wannan ya sa aka koma koya wa masu haƙar kansu: su riƙa niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, su yi wanka, su canza tufafi kafin su dawo gida. Sai a 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jiha.

WANNAN BAI WUCE MU BA

Kada mutumin Rawayya ko Bungudu ko Gusau ko Tsafe ya ce ai wannan labarin Anka ne. A 2015 irin wannan ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara suka mutu. Matasanmu suna zuwa wuraren haƙar ma'adinai neman na kansu. Ɗan'uwa, idan kana cikinsu, kada dutse ko buhunsa ya ƙetare zauren gidanka. Kayan aikinka su tsaya can. Kada ka ɗauki ɗanka da rigar da ka yi aiki da ita, kuma kada a haɗa wankinta da na yara. Haka mai sana'ar fasa tsohon batirin mota, shi ma da dalma yake hulɗa.

Sai kwalli. Na san wannan zai yi wa wasu nauyi. Kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwanninmu, gwaje-gwaje sun nuna da yawansa dalma ce a cikinsa. Jariri kuwa yana murza ido ya kai hannu baki. Ismid ɗin da ya zo a hadisi daban, abin da aka ƙulla maka a leda ba ka san asalinsa ba daban. Shawarata a ɗaga wa jarirai ƙafa. Sanya wa jariri kwalli ba wajibi ba ne, kare shi daga cuta kuwa wajibi ne.

ADDINI YA ƊORA AIKIN A KAN MUTUM BIYU

Ku koma ku karanta aya ta 233 a Suratul Baƙara tare da tafsirinta. A aya ɗaya Allah ya ambaci shayarwa ta shekara biyu ga wanda ke son cikawa, ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaron, ya hana a cutar da uwa ko uba saboda ɗansu, sannan ya sa yaye kafin lokacin ya zama da yardar su biyun da shawararsu. Ka ga tun daga nono an haɗa uba da uwa a kan aiki guda. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kwatanta mai gida da uwargida da makiyaya, kowanne za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Amma mu yaya muka raba? Uba ya auno hatsi ya fita majalisa. Idan ka tambaye shi me ɗansa ɗan wata goma ya ci jiya, sai ya ce: "Malam, ni dai na ba da na cefane, mi ya rage?" Wallahi da saura. Wanda ke da awaki ya san wadda ta rame, ya san wadda ba ta ci ba. Ɗanka bai kai akuya daraja ba ne?

ABINCI: KWANA 1000 NA FARKO

Masana suna cewa daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kimanin kwana 1000, shi ne lokacin da ake aza harsashin jiki da ƙwaƙwalwa. Yaron da ya tsumbure a wannan lokaci da wuya ya cimma tsaransa daga baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. A 2024 MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi ta tarar kusan ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa.

Na san halin da muke ciki. Rashin tsaro ya raba mutane da gonakinsu, abinci ya yi tsada, wasu ma gudun hijira suke. Wannan nauyi ne a kan shugabanni, kuma Allah zai tambaye su. Amma akwai abin da ke hannunmu wanda ba ya cin kuɗi mai yawa.

Na ɗaya, dakashi. Wannan nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar wai ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko na jariri. A sa shi a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa.

Na biyu, nono zalla har wata shida, ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu. Ana cewa: "Da wannan zafin namu a hana jariri ruwa?" Sama da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma tsabtatacce. Ruwan randa da za ka ɗura masa shi ke kawo gudawa, kuma ya cika masa ciki ya rage tsotso. Uwar ita za a ba ruwa da abinci ta ƙoshi. Wannan kuwa aikinka ne, mai gida.

Na uku, daga wata shida a fara abinci, ana ci gaba da nono. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsinkakken koko. Cikin yaro ƙarami ne, idan ka cika shi da ruwa-ruwa babu wurin abin da zai gina shi. A yi kunun da kauri, yadda zai tsaya a cokali. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa a niƙa tare. Ma'aikatan lafiya kan koyar da awo shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa. A ƙara ɗan man ja, ko dakakken busasshen kifi, ko garin zogale. A dama masa wake, kabewa, dankali. Ɗan wata shida zuwa takwas ya ci sau biyu ko uku a yini, daga wata tara sau uku ko huɗu da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kuma a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai a zauna da shi. Idan ka haɗa ɗan shekara ɗaya da yayyensa a kwano guda, kafin ya kai loma biyu an suɗe.

Na huɗu, ƙwai. Wai idan aka ba yaro ƙwai zai yi sata. Wannan camfi ne, ba shi da asali a addini. Muna kiwon kaji da zabi, mu kwashe ƙwan mu kai wa mai shayi, ɗanmu na gida yana ramewa. Haba jama'a! Ko sau biyu ko uku a mako a dafa masa guda.

Na biyar, yaye. Da zarar uwa ta samu ciki sai a cire yaro daga nono rana ɗaya, a kai shi gidan kaka, wai nonon ya lalace. A Sahihu Muslim ya zo cewa Annabi (SAW) ya yi niyyar hana abin da ake kira gila, wanda malamai suka fassara da saduwa da mai shayarwa ko shayarwar mai ciki, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya bari. Yaron da aka raba da nono da uwa a rana guda yakan ƙi cin abinci, daga nan tamowa ke samun ƙofa. Idan yaye ya zama dole, a bi shi sannu a hankali, bayan yaro ya saba da abinci.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) yana ba yara kaso daga baitulmali ne bayan an yaye su. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, ya bincika, ya gane uwar tana gaggauta yaye shi ne don ya shiga cikin masu kaso. Abin ya dame shi ƙwarai, ya sa aka yi shela cewa daga yanzu kowane yaro yana da kaso tun daga haihuwa. Shugaban Musulmi ne ya canza doka saboda nonon jariri guda.

ƘASA, RARRAFE DA WASA

Abinci shi ne tubali, motsi kuma shi ke ɗora ginin. Wuyan yaro da bayansa da ƙafafunsa ba sa ƙarfi sai yana juyi, yana miƙa hannu, yana rarrafe, yana faɗuwa yana tashi.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan wannan. Jaririn da bai fara rarrafe ba, a riƙa kwantar da shi rub-da-ciki yana farke ana kallonsa, jimillar minti 30 a yini, a rarrabe. Barci kuwa a rigingine zai yi. Daga shekara ɗaya zuwa huɗu, yaro na buƙatar aƙalla awa uku na motsi da wasa a yini. Kuma kada a ɗaure shi wuri guda fiye da awa ɗaya a jere, har da goyo.

Goyo abu ne mai kyau, yana kwantar wa yaro hankali. Amma uwar da ke daka, ga wanki, ga girki, ga ɗiban ruwa, dole ta wuni da shi a baya don ba mai kama mata. To ina uban? Ina yayyen? Ka dawo daga gona ko kasuwa, karɓe shi, shimfiɗa tabarma, ajiye wani abu gabansa ya rarrafo ya ɗauka, kama hannunsa ku yi tatata. Wannan bai rage maka girma ba. Wanda ya fi mu girma, Manzon Allah (SAW), ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya taɓa tsawaita sujada har sahabbai suka yi zaton wani abu ya faru, ashe jikansa ne ya hau bayansa, bai so ya katse masa wasa ba.

Tun da a ƙasa yaro zai koyi motsi, sai ƙasar ta zama mai tsabta. Nan darasin Anka ya dawo. Ko babu dalma, akwai kashin kaji da na awaki, akwai kwatami. A ware masa wuri, a share, a killace dabbobi, a wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Sai wannan wayar da kake karanta rubutuna da ita. Yaro ya yi kuka, a miƙa masa ita ya yi shiru. Shawarar masana ita ce ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a yini. Bar shi ya yi wasan ƙasa, ya tsinci wake, ya yi tsalle da guje-guje. Yatsun da suka saba da tsintar tsakuwa su ne gobe za su riƙe alƙalami a kan allo.

Ku san kuma lokutan da ake sa rai. Yawancin yara suna zama da kansu tsakanin wata huɗu da tara, suna tafiya tsakanin wata tara da sha takwas. Kowane yaro da saurinsa, kada a tsorata don ɗan maƙwabta ya riga naka. Amma idan ya wuce wata tara bai zauna ba, ko shekara ɗaya da rabi bai taka ba, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi asibiti. A yi masa addu'a da tofi, wannan sunna ce, amma kada a tsaya zargin iska ko maita har lokaci ya ƙure. Haka allurar rigakafi, a cika ta duka, har da ta ƙyanda. Mun ga yadda shan inna ya nakasa ƙafafun 'yan'uwanmu, mun kuma ga yadda ɗigon rigakafi ya kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020.

AMANAR DA AKE BAR WA IYAYE

Ga misalai uku da ke nuna cewa rabin aikin lafiyar yaro a hannunmu ake barinsa.

Kowace damina ma'aikata na bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata. Na ranar farko a gabansu ake sha. Na rana ta biyu da ta uku uwa ake bar wa. Idan aka tura shi ƙarƙashin katifa aka manta, kariyar ba ta cika ba. Mai gida, tambaya ɗaya ce da dare: "An ba shi na yau?"

Sai abincin nan mai kama da tunkuza da ake ba masu tamowa a ƙulle cikin leda. Magani ne, an lissafa adadin da zai tayar da yaro guda. Raba shi ga sauran yara, ko babba ya sha da kunu, ko a kai shi kasuwa, cin amana ne, kuma wanda aka zalunta bai iya magana ba balle ya kai ƙara. Mai saye ma ya ji tsoron Allah.

Na uku daga maƙwabtanmu ne. A Mirya ta jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zaren awo mai launi uku: kore lafiya, rawaya a kula, ja a garzaya asibiti. Ja yana nufin kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Binciken da aka yi tsakanin 2013 da 2014 ya nuna iyayen ba su gaza ma'aikata ba wurin gano tamowa, kuma yaran da iyaye suka gano sukan iso da wuri, kafin ciwon ya kai ga kwanciya. Matan karkara ne irin namu, da yawansu ba su yi boko ba. Da aka amince musu aka koya musu, sai suka iya. Idan ana raba wannan zare a asibitin kusa da ku, ku karɓa ku koya. Ku riƙa danna bayan ƙafar yaro da yatsa. Idan wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafa biyun, wannan kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba.

KIRA GA MUTUM HUƊU

Mai gida: ka ba matarka izini tun yau, ba sai ranar da abu ya faru ba. Ka ce mata duk lokacin da yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ko jijjiga, ko gudawa, ko ya ƙi nono, ta tafi asibiti ko ba ka nan. Ka ajiye mata kuɗin mashin a wuri sananne. Sau nawa ake kwana da yaro a hannu ana jiran mai gida ya dawo daga tafiya? Izinin da shari'a ta ba ka don kiyaye iyali ne, kada ya zama sanadin rasa su. Kuma lokaci-lokaci ka bi su awo da kanka, ka ji bayani da kunnenka.

Iyayenmu kakanni: a gidaje da yawa maganarku ce ke yanke hukunci a kan jariri. Nakan ji ana cewa: "Mu ma hakanan anka yi muna, ga mu nan da ranmu." Gaskiya ne, Inna, Allah ya ƙara nisan kwana. Amma ki tuna yara nawa aka binne a gidajenmu a wancan zamani. Ajali na Allah ne, riƙo da sababi kuma umarninsa ne. Ku kuma matasa, kada ku je wa iyaye da gatsali don kun karanta abu a waya. Ku zauna da su cikin ladabi, in ya yiwu ku tafi da su asibiti su ji da kansu. Kakar da ta gamsu ta fi ma'aikaci goma.

Ma'aikatan lafiya: Allah ya saka muku da alheri, kuna aiki cikin hatsari. Amma uwar da aka yi wa tsawa gaban jama'a don ɗanta ya rame, gobe ba za ta dawo ba. Ku tambaye ta me ke akwai a gidanta kafin ku ce ta dafa kaza. Ku nemi mazan a masallaci da majalisa, don su ke riƙe da aljihu da izini.

'Yan'uwana malamai da limamai: ranar suna jama'a na taruwa a gabanmu. Bayan addu'a, minti biyu ya isa mu tuna wa uban jariri dakashi, nono zalla da ciyar da mai jego. Malaman Islamiyyar matan aure su gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta zo aji. Malamin da ya ga ɗalibinsa kullum yana gyangyaɗi ko ya fi tsaransa ƙanƙanta, ya nemi uban a keɓe ya yi masa magana, ba a gaban yara ba.

AIKIN WANNAN MAKO

Kada mu karanta mu danna alamar so mu wuce. Yau idan ka koma gida, ka durƙusa daidai tsayin ɗanka ka dubi tsakar gidanka, ka ga abin da hannunsa ke taɓawa. Ka tambayi abin da ya ci tun safe. Ka nemi katin rigakafinsa ka duba. Ka furta wa matarka izinin nan da bakinka. Sannan ka tura wannan darasi ga ɗan'uwan da ke aikin haƙar zinare, ko wanda aka yi wa haihuwa kwanan nan.

Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa. Abin da ya shafi hukunci zan amsa gwargwadon iko, abin da ya shafi ciwo kuwa asibiti za ni tura ka.

Allah ya raya mana zuriya cikin lafiya da imani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Amin.

Wallahu a'alam.